Tarkon Hirst ko Na'ura Mai Ƙirga da Kanta: Da Wanne Za a Auna Garin Fure a Iska?

Duk sashen jami'a, asibitin ƙirji ko hukumar yanayi da ta yi niyyar fara auna garin furen da ke yawo a iska, hanyoyi biyu ne manya a gabanta. Akwai tsohon tarko, wanda mutum yake ɗauko abin da ya kama ya zauna gaban madubin likita ya ƙirga da idonsa. Akwai kuma na'urorin da suka shigo a shekarun nan, masu zuƙar iska su gane ƙwaya su ƙirga ta su aika da adadin ta intanet ba tare da kowa ya hau bene ba. Su ma na'urorin kowace da irin ganinta: ta Jamus daban, ta Suwizalan daban, ta Japan daban. Tazarar kuɗi tsakanin tarko da babbar na'ura takan kai ninki goma ko fiye, kuma wanda ya zaɓa ba daidai ba zai yi shekaru yana tara lambobin da ba su amsa tambayarsa ba.

Mai fama da atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido a wani lokaci na shekara, ko mai asma da ƙirjinsa ke riƙewa da zarar ciyawa ta fara fure, yana buƙatar sanin me ke cikin iskar, kuma yaushe. Likitansa ma haka, don ya san gwajin da zai yi masa da makon da zai ce ya fara shan magani tun abin bai taso ba. Ƙwayoyin garin fure ƙanana ne ƙwarai, yawanci tsakanin maikiromita 10 zuwa 100 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma ana bayar da sakamako da adadinsu a kowace kubik mita ta iska.

Tsohon tarko

J. M. Hirst ne ya ƙera shi a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, ya wallafa bayaninsa a 1952. Cututtukan amfanin gona yake bi a lokacin, wato ƙwayoyin fumfuna da iska ke kwasa daga gona zuwa gona. Daga baya likitoci da masana tsirrai suka karɓe shi. Irin da ake amfani da shi yau, wanda kamfanin Burkard na Ingila da Lanzoni na Italiya ke ƙerawa, yana zuƙar lita 10 na iska a minti ta wata 'yar tsaga mai tsawon milimita 14 da faɗin milimita 2. Wutsiya gare shi a baya mai juya bakin ya fuskanci inda iska ke fitowa. A ciki akwai ganga da aka naɗe da tef mai danƙo, tana matsawa milimita 2 a awa, har ta zagayo cikin kwana 7.

Ranar canji ma'aikaci zai hau saman bene ya ciro gangar, ya sa sabuwa, ya wana agogonta. A ɗakin gwaji zai shimfiɗa tef ɗin a kan ma'auni ya yanka shi gida bakwai, kowane yanki milimita 48, awa 24 ke nan. Kowane yanki a ɗora shi a kan ɗan gilashi, a ɗiga masa jeli mai jan rini, a rufe. Rinin yana kama garin fure ya mai da shi ruwan hoda, ƙura da toka su tsaya yadda suke. Daga nan sai zama. A ƙarƙashin madubi mai ninka girma sau 400, ƙwayar ciyawa dunƙulalliya ce sumul mai huda ɗaya tak da ɗan zobe a bakin hudar. Ta bishiyar Betula, wadda ke addabar arewacin Turai a bazararsu, huda uku gare ta. Ta tsiron Ambrosia duk jikinta gajerun ƙayoyi ne. Ta alayyafo da danginsa cike take da ƙananan ramuka ta ko'ina. Da yake tef ɗin tafiya yake da lokaci, wurin da ƙwaya ta maƙale yana nuna sa'ar da ta shigo.

Ƙarfin wannan hanya yana cikin idon mai ƙirgan. Idan ya ci karo da ƙwayar da bai taɓa gani ba, ya san bai san ta ba. Zai ɗauki hotonta, ya fita ya tsinko furannin da ke kusa ya gwada, ya tambayi wanda ya fi shi. Gilashin kuma yana nan a akwati. Bayan shekara ashirin wani ɗalibi zai iya ɗauko shi ya sake dubawa da wata sabuwar tambaya. Tarkon ba ya cin wuta sosai, batir da sola sun ishe shi, kuma kusan duk abin da zai lalace a jikinsa makaniki mai hankali zai iya gyarawa. Turai ta yi masa ƙa'ida a rubuce, EN 16868, a 2019, don lambar da aka samu a wani gari ta yi daidai da ta wani. A birnin Basel na Suwizalan an fara ƙirga tun 1969, kuma irin wannan dogon tarihi ne ya nuna yadda bishiyoyi suka koma yin fure da wuri yayin da yanayi ke ɗumama. Babu wata na'urar zamani mai tarihin da ya kai wannan.

Rauninsa ma a fili yake, kuma bai kamata masu ƙaunarsa su ɓoye ba. Na farko jinkiri: abin da ya shiga tarko ranar Talata, mai yiwuwa sai Laraba ta mako mai zuwa za a ji labarinsa. Na biyu, ba wanda ke karanta tef ɗin gaba ɗaya. Ƙa'ida ta ce a duba aƙalla kashi 10 cikin 100. Tarkon yana zuƙar kubik mita 14.4 a awa 24, kashi goma na wannan kuwa bai kai kubik mita ɗaya da rabi ba. Idan garin fure ya yi yawa, wannan ya wadatar. Amma a farkon lokacin fure, lokacin da ƙwayoyin ke tsiraru, kuma daidai lokacin da marar lafiya ya fi buƙatar gargaɗi, ƙwaya biyu da aka gani ko aka tsallake sukan sauya sakamako sosai. Masu ƙirga biyu sukan saɓa a kan gilashi ɗaya, tarkuna biyu a bene ɗaya ma sukan saɓa. A 2017 masu bincike a Munik ta Jamus sun nuna cewa ɗan ma'aunin hannu da ake duba ƙarfin zuƙa da shi yana tare iskar da kansa, don haka tarkuna da yawa suna zuƙar fiye da lita 10 ɗin da ake lissafi da ita. Wanda zai gwada sabuwar na'ura da tarkon Hirst ya tuna cewa ma'aunin nasa ma yana da nasa kuskuren.

Jinkirin nan ne ya tura ƙasashe neman na'ura. Ranar 21 ga Nuwamba 2016 hadari mai tsawa ya sauka a Melbourne da ke Ostareliya a tsakiyar lokacin furen ciyawar kiwo ta Lolium. Cikin sa'o'i asibitoci suka cika da masu sarƙewar numfashi, sama da mutum 3,000 a kan yadda aka saba, mutum 10 suka rasu. Adadin da zai iso bayan mako guda ba shi da abin da zai yi wa irin wannan dare. Sai dai a yi adalci: ƙirga nan take shi kaɗai ma ba zai hango hadarin ba, sai an haɗa shi da hasashen yanayi.

Mai ɗaukar hoto da mai kallon ƙwaya tana tashi

Na'urori biyu ne suka fi samun gindin zama a manyan hanyoyin sa ido na gwamnati, kuma duk mai kuɗin saye a tsakaninsu zai fi daɗewa yana shawara.

BAA500 ta kamfanin Helmut Hund da ke Wetzlar a Jamus aikin mutum ta ɗauka ta mai da shi na inji. Tana zuƙar iska mai yawa, ta ware ƙwayoyi masu nauyi ta jefa su kan wani ɗan faranti mai jeli, ta ɗumama shi har su nutse, sannan madubin da ke cikinta ya ɗauki hotuna da yawa na kowace ƙwaya daga sama zuwa ƙasa. Manhaja ta gwada hoton da waɗanda aka koya mata ta ba shi suna. A jihar Bavariya, inda aka buɗe tsarin ePIN a 2019 da irin waɗannan na'urori 8, sakamako yana fita duk bayan awa 3, kowa yana iya gani a wayarsa. Abu biyu a tarihin ePIN sun cancanci a riƙe su. Kafin a kafa tsarin, a 2015, an baza tarkunan Hirst 27 a faɗin jihar don a gano wuraren da iskarsu ta yi kama da juna, a san inda ya dace a kafa tasha. Bayan an kafa kuma, an bar tarkunan Hirst 4 suna aiki.

Poleno ta kamfanin Swisens na Suwizalan ba ta tara komai. Iska tana ratsa ta, lita 40 a minti, kowace ƙwaya ta gifta ta gaban haske a ɗauki hologiram ɗinta guda biyu daga ɓangarori biyu, wato hoton siffarta da ake haɗawa daga yadda ta karkatar da hasken, ta wuce abinta. Samfurinta mai suna Mars a nan ya tsaya. Samfurin Jupiter yana ƙara haska ƙwayar da haske kala-kala ya auna ƙyallin da ta mayar, wanda ke nuna wani abu game da sinadaran jikinta. Hukumar yanayi ta MeteoSwiss ita ta zaɓa, kuma tun farkon shekarun 2020 take fitar da adadi duk awa, tana kuma zuba shi kai tsaye cikin manhajar hasashenta. Lita 40 a minti kubik mita 2.4 ke nan a awa, wato iskar da ke ratsa ta cikin awa ɗaya ta fi wadda mai madubi ke karantawa ta kwana guda.

A ganina bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin su biyun ba saurin ba ne, domin awa ɗaya da awa uku duk sun ishi marar lafiya. Bambancin yana cikin irin hoton da kowace ke bari. Ƙwayar da ta nutse cikin jeli tana shan ruwa ta kumbura ta koma siffar da masana suka sani a littattafai, hudojinta su fito. Saboda haka hoton BAA500 masanin garin fure zai iya dubawa ya ce wannan daidai ne, wannan kuskure ne, wannan kuma sabon abu ne, a buɗe masa aji, wato rukuni na kansa a manhajar. Poleno kuwa ƙwayar take gani yadda take a iska, sau da yawa busasshiya a yamutse, kuma hologiram ɗin baƙi da fari ne, ya fi nuna zagayen jiki a kan ƙananan alamomi. Ido yana iya tantance wasu, amma ba da sauƙi ba. Don a koya mata sabon tsiro, yawanci sai an je an tsinko garinsa mai tsabta daga furen, an feshe shi cikinta, an tara dubban hotuna. Aiki ne na gaske, kuma garin da ya daɗe a kwalba ba lallai ya yi kama da wanda ke tashi a fili ba. A shekarunta na farko a Suwizalan an sha fama da ɗigon ruwa na hazon safiya, waɗanda suke dunƙule sumul, manhaja ta riƙa kiransu garin ciyawa har sai da aka koya mata ruwa a matsayin aji na kansa.

A gefen ɗawainiya kuma Poleno ce ke gaba. Ba ta da farantan da za su ƙare, kuma sassa masu motsi a cikinta kaɗan ne. BAA500 babba ce mai nauyi, tana buƙatar mazauni mai kariya da sanyi daidai, hannuwan inji ne ke kai faranti daga wuri zuwa wuri, kuma farantan sai an riƙa sayowa daga kamfanin. Ga wanda ke zaune kusa da Wetzlar wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda kayansa za su bi ta tashar jiragen ruwa da kwastan, a lissafa shi tun kafin a sa hannu. Duk biyun suna ajiye ainihin hotunan, don haka idan manhaja ta inganta ana iya sake tantance bayanan bara.

Sauran na'urorin ba sa buƙatar dogon bayani. Rapid-E ta kamfanin Plair na Geneva ba ta ɗaukar hoto. Yadda ƙwaya ke warwatsa hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi, da ƙyallin da take mayarwa take aunawa. An yi aiki da ita sosai a Novi Sad ta Sabiya, inda Ambrosia ke da yawa, da kuma Lituweniya. Lita 2.8 kawai take zuƙa a minti, lita 168 a awa. Idan akwai ƙwaya 10 a kubik mita, cikin awa guda ba za ta ga biyu ba. Kuma abin da ta ajiye zane-zanen sigina ne, ba wanda zai kalla ya ce ya gane tsiron. KH-3000 ta Japan ta fi kowace sauƙi: girma da siffa kawai take dubawa da leza. Ta yi aiki a can, har ma'aikatar muhalli ta baza ta a wurare fiye da 100, saboda a farkon bazarar Japan bishiyar sugi da hinoki ne suka mamaye iska, kusan duk ƙwaya mai wannan girman tasu ce. Duk da haka dusar ƙanƙara da ƙurar da ke tasowa daga hamadar Gobi sukan sa ta ƙirga abin da babu. Ƙananan na'urori masu araha da ake tallatawa yanzu da yawansu a kan irin wannan dabara suke, kuma ban ga dalilin da asibiti zai dogara da su ba kafin ya gwada su da tarko a kan benensa.

Shirin AutoPollen na haɗakar hukumomin yanayi na Turai, EUMETNET, ya jera irin waɗannan na'urori wuri ɗaya sau biyu, a Payerne ta Suwizalan a 2019 da kuma Munik daga Maris zuwa Yuli 2021, inda aka sa su kusa da tarkunan Hirst 4. Abin da ya fito a Munik yana da amfani ga mai saye. Betula ta zo da sauƙi ga na'urori da dama, ciyawa ta ba yawancinsu wahala. Kuma na'ura ɗaya da aka ɗora wa manhajoji daban-daban ta ba da sakamako daban-daban. Wato mai saye ba ƙarfe da gilashi kawai yake biya ba. Rabin abin da yake saye ilimin da aka zuba wa manhajar ne.

Abin da aka koya mata kawai ta sani

A nan ne zaɓin ya fi tsayawa. Manhajar gane garin fure tana da jerin azuzuwa: Betula, Alnus, Corylus, Fraxinus, Quercus, ciyawa, Ambrosia da makamantansu, tsirran ƙasashen da aka ƙera ta. Idan ƙwayar da ba ta cikin jerin ta shigo, ko dai ta watsar da ita, ko ta liƙa mata sunan wadda ta fi kama da ita. Na biyun ya fi haɗari, domin lamba za ta fito tsaf a allo, da suna da sa'a, ba wata alamar da za ta nuna cewa ƙarya ce. Baƙo makahon gari ne ko da idonsa biyu, kuma na'urar da aka horar a gindin tsaunukan Alps baƙuwa ce a duk inda tsirrai suka bambanta.

Akwai kuma iyakar da ta shafi kowa, har idon mutum. Garin ciyayi kusan duk kama ɗaya ne a madubi. Na masara ana gane shi saboda girmansa, kusan maikiromita 80 zuwa 100, amma sauran a aji ɗaya ake zuba su. Binciken PollerGEN a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2019, ya bi ta hanyar DNA ya nuna cewa abin da ake kira lokacin ciyawa jerin ciyayi ne daban-daban masu karɓar juna mako bayan mako. DNA tana ba da sunan tsiro, amma tana ɗaukar kwanaki a ɗakin gwaji kuma ba ta faɗin adadin ƙwayoyi kai tsaye, don haka abokiyar aikin tarko ce, ba magajiyarsa ba. Sannan ƙirga ƙwaya ba auna sinadarin da ke tayar da cuta ba ne. Binciken HIALINE a Turai ya nuna adadin ƙwayoyi iri ɗaya yana iya sakin sinadarin da ya bambanta ninki-ninki daga rana zuwa rana. A irin daren Melbourne ma ƙwayoyin fashewa suke yi su zama ɓurɓushi 'yan ƙanana masu shiga can cikin huhu, waɗanda babu na'urar da ke cikin wannan jeri da za ta ƙirga su a matsayin garin fure.

Idan tashar a ƙasashenmu za ta zauna

Wani nazari da Jeroen Buters da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga tashoshin auna garin fure 879 masu aiki a duniya, fiye da 500 a Turai. Na Afirka 'yan ƙalilan ne. Wannan yana nufin mai kafa tasha a Kano, Zariya, Maiduguri, Damagaram ko Yamai yana farawa ne ba tare da kalandar shekara-shekara ta abin da ke tashi a iskarsa ba. Tushe akwai: Farfesa M. A. Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta wallafa siffofin garin furen tsirran Najeriya tun 1973, kuma masana a jami'o'i da dama sun yi nazarin iskar garuruwansu. Amma littafin siffofi ido yake taimaka wa. Manhaja dubban hotuna take so daga cikin na'urar kanta.

Tsirran da za su cika tef a yankinmu waɗanda iska ke yi wa barbara ne: gamba, kyasuwa, ƙarangiya da sauran ciyayi a ƙarshen damina, bununin gero da dawa, dangin alayyafo, dangin aya, da kachala a fadamun Haɗeja da Nguru. Mangwaro da darbejiya, da mutane suka fi zargi saboda ana ganin furensu ana jin ƙamshinsa, ƙwari ne ke ɗaukar yawancin garinsu. Wane ne a cikin waɗannan ke tashi da yawa, a wane mako, a wace sa'a ta yini, wannan ne tambayar farko, kuma tambaya ce ta ido da madubi.

Sai ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga hamada, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi. Ba ta ƙyale kowace hanya ba. A tarkon Hirst takan lulluɓe tef har ƙwayoyi su ɓuya a ƙarƙashinta, danƙon ya cika ya daina kamawa. A irin waɗannan kwanaki gara a koma gilashin da ake canzawa kullum, a kuma riƙa share tsagar. Ga na'urar da girma kawai take dubawa, abin da ƙurar Gobi ta yi wa KH-3000 ya isa gargaɗi. Ga mai ɗaukar hoto, faranti zai cunkushe. Ga mai hologiram, gilasan ciki za su buƙaci shara akai-akai, bayanai kuma su cika ma'ajiya da hotunan yashi. A nan auna ƙyalli yana da fa'ida ta gaske, domin ƙwayar mai rai tana mayar da ƙyalli fiye da ƙurar dutse nesa ba kusa ba. Wanda zai sayi Poleno don yankin hamada, Jupiter ya fi dacewa da shi a kan Mars. A ƙara da zafin Afrilu a saman bene, da wutar da ba ta tsayawa, da intanet da kamfani zai buƙata don duba na'urar daga nesa.

Afirka ta Kudu ta fuskanci irin wannan zaɓi a 2019 lokacin da ta kafa tsarin SAPNET a ƙarƙashin jagorancin masu bincike na Jami'ar Cape Town. Tarkunan Burkard ta baza a manyan biranenta, ta horar da masu ƙirga, tana fitar da rahoto mako-mako. Na'urorin zamani suna kasuwa a lokacin. Abin da ta rasa shi ne sanin tsirranta a iska, kuma shi ta fara nema.

To, wanne?

Wanda ba shi da kalandar garin fure ta garinsa, kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi tarkon Hirst da madubi mai kyau mai kyamara, ya tura mutum biyu su koyi ƙirga, ya fara tara gilasan tsirran yankin da aka tsinko aka tabbatar da sunansu. Mutum biyu na ce, domin tashar da ke rataye a wuyan mutum ɗaya tana mutuwa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Da kuɗin babbar na'ura ɗaya za a kafa irin wannan tasha a garuruwa da dama, kuma sanin bambancin iskar Sakkwato da ta Jos ya fi amfani ga likita a yanzu a kan adadin gari ɗaya duk awa. Tarkon yana kama ƙwayoyin fumfuna irin Alternaria da Cladosporium a tef ɗaya, abin da zai amfani sashen aikin gona ma, su raba ɗawainiya. Na'urorin zamani sun fara gane Alternaria saboda girmanta, ƙananan kuwa har yanzu suna ba su wahala.

Wanda ya riga ya yi shekaru yana ƙirga, ya san tsirransa goma ko goma sha biyar masu muhimmanci, kuma yana da hanyar isar da gargaɗi ga jama'a a ranar, ta rediyo ko ta waya, shi ne na'ura za ta yi wa amfani. Idan ƙarfinsa masana garin fure ne masu iya duba hoto su gyara kuskure, kuma yana da tabbacin kayan gyara da faranti, BAA500 ta fi kusa da abin da ya iya. Idan hukumar yanayi ce mai injiniyoyi da masu rubuta manhaja, mai son adadin awa-awa don hasashe da tashoshin da ba sai an riƙa ziyarta ba, Poleno ta fi dacewa, muddin ta ware kuɗi da lokacin tsinko garin tsirranta ta koya wa na'urar. Rapid-E ta fi kyau a hannun masu bincike da ke bin tsiro ɗaya mai yawa a iska.

Kafin a sa hannu a takardar saye, a nemi kamfani ya bayar da jerin tsirran da manhajar ta sani a rubuce, a ƙirga nawa ne ke tsirowa a yankin. A tambayi abin da take yi da ƙwayar da ba ta sani ba. A tabbatar ainihin hotuna da siginar mallakin mai saye ne, yana iya kwafe su ya horar da tasa manhajar ba tare da neman izini ba. A tambayi kuɗin kulawa na shekara-shekara da wanda zai zo gyara, daga ina, cikin kwana nawa. Sannan a rubuta cikin kasafin aikin cewa tarkon Hirst zai zauna a bene ɗaya da na'urar, bakinsu a tsayi ɗaya, aƙalla damina biyu da hunturu biyu, tare da albashin wanda zai riƙa karanta tef ɗin a duk tsawon lokacin.